Tsohuwar laftof ta yi nauyi: RAM za a fara ƙarawa ko SSD?

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar masana nake nema. HP EliteBook 8470p ce, Core i5, RAM 4GB, faifan ajiya 500GB irin mai juyawan nan, Windows 10 ke kanta. Buga takardu da cike fom na makarantu ake yi da ita. In an kunna sai an zauna jiranta, in kuwa aka buɗe Chrome da Word tare sai ta tsaya cak. Wani ya ce a ƙara RAM, wani ya ce a sayar a huta. Kuɗin da ke hannu na abu ɗaya ne. Wanne za a fara, RAM ko SSD?

Injiniya Kawo: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki fitar da ko sisi, ki bari kwamfutar ta nuna miki inda ke yi mata ciwo. Ki kunna ta, ki buɗe duk abin da kika saba aiki da shi, sannan ki danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai fito, ki shiga Performance. Ki duba Memory, wato RAM, inda kwamfuta ke riƙe abin da ake aiki da shi a lokacin: in tana zaune sama da kashi 85 cikin ɗari, RAM ya yi kaɗan. Ki duba Disk: in ya maƙale a kashi 100 na tsawon mintuna alhali ba kwafin komai kike yi ba, faifan ne ya kasa. Ki duba CPU, wato furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, amma ba kason aikinta kawai ba, ki kalli inda aka rubuta Speed. Furosesar wannan laftof ɗin ya kamata ta haura 2.5 GHz in ana aiki. In kin ga ta tsaya a ƙasa can ta ƙi motsi ko da an ɗora mata aiki, to zafi ne ko caja, kuma babu RAM ɗin da zai gyara wannan.

Ba tare da na gani ba, abin da kika kwatanta ya fi kama da faifai. Ni SSD zan ce, wato faifan ajiya irin wanda ba ya juyi.

Ɗan Tudun Wada: Injiniya, ranka ya daɗe, akwai gyara a maganar Disk ɗin nan. Ganin kashi 100 ba ya nufin faifan ne tushen matsalar. Windows 10 mai 64-bit shi kaɗai yana cinye kusan rabin 4GB kafin a buɗe komai. Chrome ya shigo da shafi biyar ko shida, Word ya shigo, ga riga-kafin bairos a bayan fage, RAM ya cika. Daga nan Windows zai fara kwashe abin da ke RAM yana jibgewa a faifai, a fayil ɗin da ake kira pagefile, yana ɗaukowa yana mayarwa. Wannan kai-kawon shi ke sa faifan ya nuna 100. Ka ga ke nan ƙarancin RAM ne ya jawo, faifan kawai ya ɗauki laifi. A kai ta 8GB, kai-kawon ya ragu sosai. Kuma sandar RAM irin DDR3 mai 4GB ta hannu ta fi SSD sauƙin kuɗi.

Injiniya Kawo: Bayaninka daidai ne, amma bai kai inda kake so ya kai ba. Hajiya ta ce tun daga kunnawa ake jira. A lokacin kunnawa RAM bai cika ba tukuna, faifan ne ke ta neman dubban ƙananan fayiloli a warwatse. Faifai mai juyi 5400 a minti yana ɓata wajen milisakan 10 zuwa 15 kafin allurarsa ta isa kowane wuri. SSD ba shi da allura, yana isa a ƙasa da milisakan ɗaya. Wajen kwafin babban fayil ma HDD, wato faifai mai juyin, na laftof bai cika wuce 100MB a sakan ba, SSD a kan mahaɗin faifai na SATA III yana kaiwa wajen 500 zuwa 550. Ko 16GB ka zuba mata, kunnawa da buɗe manhaja suna nan da nauyinsu. SSD kuwa yana taɓa matsala biyun: kunnawa ta yi sauri, kai-kawon da ka ambata ma in ya faru a kan SSD ne zai faru, mai aiki ba zai ji shi kamar da ba.

Mai Gyara na Kasuwar Gumi: Ku biyun kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Yadda abin yake a teburin gyara: mai 2GB, RAM tukuna, babu gardama, domin 2GB ya yi wa Windows 10 kaɗan ko da wane irin faifai ne. Mai 4GB da HDD, SSD tukuna. Mai 8GB da HDD, SSD kawai, ya manta da zancen RAM.

Akwai kuma dalilin da ba ku ambata ba. 8470p ta 2012 ce. In faifan da ta zo da shi ne ke ciki, ya daɗe yana juyi, ya sha jijjiga a Keke Napep da bayan mashin. Hajiya ki saukar da CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, kyauta ce kuma ƙarama. In ta nuna Good da shuɗi, da sauƙi. In ta nuna Caution da ruwan ɗorawa, musamman a layin Reallocated Sectors ko Current Pending Sector, faifan ya fara mutuwa, kuma nauyin da kike gani na iya zama ƙoƙarin da yake yi na sake karanta wuraren da suka lalace. A wannan halin ba maganar sauri ake ba, ki kwashe takardun mutane zuwa filash yau ɗin nan.

Maman Hanan: Na duba. Memory na wajen 78, Disk a 100 yake ba ya sauka, CPU tana hawa tana sauka. CrystalDiskInfo ta ce Good. A gefen Memory an rubuta Slots used 1 of 2.

Mai Gyara na Kasuwar Gumi: To shi ke nan Hajiya, SSD. Mai inci 2.5, SATA, 256GB. Kada ki yarda da 128GB don rangwamen ɗan kuɗi, Windows da sabunte-sabuntensa da Office za su cinye kaso mai yawa, kuma SSD in ya cika maƙil gudunsa na raguwa, ana so a bar masa kamar kashi 15 zuwa 20 babu komai. Ramin RAM ɗaya da ya rage kuma ki cike shi in kuɗi sun samu.

Malam Na Rigasa: Tunda za a zo kan RAM ɗin daga baya, bari a yi bayaninsa yanzu, don a nan mutane suka fi asarar kuɗi. Ba a shiga shago a ce "a ba ni RAM 4GB". Takardar da ke manne a jikin sandar ita ke faɗin komai, sai a iya karanta ta.

Misali ka ga 4GB 2Rx8 PC3-12800S. PC3 na nufin DDR3 mai cin 1.5V. In da L a gaba, wato PC3L, DDR3L ce mai cin 1.35V. 12800 gudunta ne, daidai da 1600, yayin da 10600 ke daidai da 1333. S ɗin ƙarshe na nufin gajeruwa ta laftof. U doguwa ce ta kwamfutar tebur. R ta manyan kwamfutocin da ake kira server ce, wadda ba za ta yi aiki a kwamfutar gida ko ofis ba ko da ta shiga ramin. PC2 DDR2 ce, PC4 kuma DDR4. Kowane zubi da wurin da aka yi masa tsaga a tsakanin haƙoransa, ta laftof DDR2 haƙora 200, DDR3 204, DDR4 260, saboda haka ba sa shiga ramin juna. In sanda ta ƙi shiga kada a danna da ƙarfi, ba tata ba ce.

Inda tarkon yake shi ne DDR3 da DDR3L, domin tsagarsu ɗaya, kowace na shiga ramin 'yar'uwarta. 8470p mai furosesar Intel zubi na uku ce, tana karɓar dukansu, rami biyu, kowane har 8GB, jimla 16GB. Ga aikin Hajiya 8GB ya wadatar. A buɗe a karanta wadda ke ciki, ko a duba shafin SPD a manhajar CPU-Z, a nemo mai irin lambarta.

Sai kuma a tabbatar Windows ɗin 64-bit ne: Settings, System, About, a duba System type. Mai 32-bit ba ya amfani da fiye da 3GB da 'yan kai, ko nawa aka saka.

Ɗalibin Kadpoly: Malam, tambaya. Tawa EliteBook 840 G1 ce, akwai wanda zai ba ni sandar 4GB da aka cire daga 8460p. Za ta yi?

Malam Na Rigasa: Ƙanena, karanta takardar jikinta tukuna. 840 G1 zubi na huɗu ce, kuma laftof na zubi na huɗu da na biyar DDR3L suke so. In sandar PC3 ce zalla babu L, za ta shiga ramin lafiya lau, ka kunna fanka ta juya, allo ya tsaya baƙi. Yawancin waɗanda suka zo da 8460p PC3-10600S ne, don haka da wuya ta yi maka. Akasin haka kuwa yana yi: PC3L na aiki a tsofaffin da ke ba da 1.5V.

Wani tarkon na masu zubi na farko ne, irin su 8440p da Dell E6410, da masu Core 2 Duo da ke cin DDR3. Iyakarsu 8GB, wato 4GB a kowane rami, sandar 8GB guda ba ta tashi a kansu. Ko a 4GB ɗin ma suna da zaɓe: suna son mai baƙaƙen ƙwayoyi 16, takwas a kowane gefe, wadda aka rubuta wa 2Rx8. Sabuwar 4GB mai ƙwaya takwas kacal, 1Rx8, sau da yawa ko dai ta ƙi tashi ko ta riƙa kawo shuɗin allo. Sai a ce sandar ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau, furosesar ce ba ta san irin ƙwayoyin ba.

Ɗan Tudun Wada: A ƙara da cewa ba dole sai kamfani ɗaya ba. Samsung da Hynix ko Micron suna zama tare in zubi da wutar da suke ci ɗaya ne. In gudu ya bambanta, duka biyun za su koma gudun ta ƙasa. In girma ya bambanta, kamar 4GB da 8GB, za ka samu 12GB kuma zai yi aiki. Amfanin sanda biyu a kan ɗaya shi ne furosesa na magana da su ta hanya biyu a lokaci guda, kuma laftof da ba ta da katin hoto na daban, wadda Intel HD ke aron RAM, tana jin wannan bambancin a bidiyo. Shi ya sa 4 da 4 ta ɗan fi 8 guda, sai dai 8 guda ta bar maka rami don gaba.

Masu ThinkPad su lura: T430 rami ɗaya a ƙasa yake, ɗayan yana ƙarƙashin kibod. T440 da T440s an like musu 4GB a jikin bod, wato babban allon cikin kwamfutar da komai ke haɗe da shi, rami ɗaya ne kawai, iyaka 12GB. X240 rami ɗaya, 8GB.

Anti Barnawa: Sannunku da ƙoƙari. Bari in kawo yadda ake sakawa, don aikin bai kai a biya kuɗin hannu ba in mutum na da natsuwa.

A kashe ta gaba ɗaya, ba rufe murfi ba. A zare caja, a cire batir, a danne maɓallin kunnawa kamar sakan 15 don ragowar wutar ta fita. A 8470p murfin ƙasa da sakata yake, ana ture ta sai murfin ya zamo, RAM da faifai duk suna fili. Sababbin da batirinsu ke ciki, abu na farko bayan buɗewa shi ne zare igiyar batir daga bod. Sukurudireba ya faɗa kan bod mai wuta a jiki, an tashi daga maganar RAM an koma maganar sayen wata laftof.

Lokacin hunturu a yi hattara ta musamman. Iskar Kaduna daga Disamba zuwa Fabrairu a bushe take ƙayau, jiki na tara wutar nan da ke ɗan tsikarin mutum in ya taɓa ƙofar mota. Wadda ba ka ma ji ba ta isa ta illata ƙwayar RAM. Kada a yi aikin a kan kafet, ko katifa, ko da rigar sanyi ta roba a jiki. A taɓa ƙarfen taga ko famfo kafin a fara, a riƙe sandar ta gefe-gefe, ban da haƙoran.

Ana shigar da ita a karkace, kamar digiri 30, tsaga ta dace da ɗan tudun da ke ramin, a tura har haƙoran zinaren su kusan ɓacewa, sannan a kwantar da ita ƙasa sai 'yan ƙarafan gefe biyu sun yi ƙas. Mafi yawan "na saka RAM ta ƙi tashi" rashin turawa ne har ƙarshe. A tsofaffin HP fitilar Caps Lock na ƙiftawa sau uku in matsalar RAM ce. A cire, a goge haƙoran da abin goge fensir a hankali, a hure, a mayar. In ta tashi, a rubuta mdsched a wurin bincike na Windows a bar shi ya gwada, ko a yi MemTest86 daga filash ya zagaya aƙalla sau ɗaya. Kuskure ko guda ɗaya ya fito, a mayar wa mai shago.

Baban Sadik: Anti mun gode. SSD ɗin fa? Kasuwa ta cika da sunaye iri-iri, wasu ba a taɓa jin su ba, farashin kuma ya bambanta ƙwarai.

Mai Gyara na Kasuwar Gumi: Araha ba ta ado, Alhaji. Jabu iri biyu ne. Akwai wanda aka manna wa sunan babban kamfani alhali cikinsa tarkace ne. Akwai kuma wanda aka yi wa dabara ya riƙa nuna 512GB ko 1TB alhali ainihinsa bai kai ko kusa ba. Irin wannan zai yi ta karɓar fayil ba musu, sai ranar da aka zo buɗewa a tarar babu komai. Maganinsa manhajar H2testw: tana cika faifan da bayanai ta sake karantawa, ta faɗi girmansa na gaskiya. Tana ɗaukar lokaci, amma a yi ta kafin a ɗora Windows, tun ana iya mayarwa.

SSD na hannu da aka ciro daga laftof 'yar tokumbo, in na kamfani ne sananne, sau da yawa ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. A shagon a jona shi a buɗe CrystalDiskInfo, a duba kason lafiyarsa da Power On Hours da Total Host Writes. Ko kan Ahmadu Bello Way za ka saya ko daga Legas aka aiko, ka nemi a rubuta maka lambar jikinsa a rasit da kwanakin da za a iya canzawa.

Sai a san ramin da kwamfutar ke da shi, don siffa huɗu ce ke yawo: inci 2.5, mSATA, M.2 mai SATA, da M.2 mai NVMe. Na biyun ƙarshe kamarsu ɗaya a ido, mai SATA yawanci tsaga biyu gare shi, NVMe ɗaya. 840 G3 na karɓar kowanne cikin biyun, amma akwai laftof da yawa masu ramin M.2 da SATA kaɗai suka sani, ka saka NVMe BIOS, wato manhajar da ke tashin kwamfuta kafin Windows, ba zai gan shi ba. 8470p dai inci 2.5 ce. SSD kaurinsa 7mm ne, tsohon faifan na iya zama 9.5mm, ba matsala, a ɗaure shi da sukurori huɗun cikin ƙarfen da tsohon ke ciki don kada ya yi ta motsi.

Tsohon 500GB ɗin kada a yar. Ko a saya masa gida mai USB ya zama na ajiya, ko a cire na'urar DVD a sa kadi, wato gidan ɗora faifai mai siffar na'urar DVD, a wurinta, na 8470p mai 12.7mm ne. SSD dai ya zauna a ainihin wurin faifai.

Ɗan Tudun Wada: Kuma a kwafe tsohon faifan kacokan zuwa sabon, kada a wahalar da Hajiya da sabon Windows. Manhajar Clonezilla na yi, wasu kamfanonin SSD ma suna ba da tasu manhajar kyauta. Sharaɗi kawai abin da ke cikin tsohon ya kasance bai kai girman sabon ba. Firinta da Office da kalmomin sirri duk su dawo yadda suke, a ci gaba da aiki a ranar.

Injiniya Kawo: A nan ma ban bi ka ba. Kwamfutar shagon buga takardu filash nawa ne ke shiga cikinta a rana? Irin wannan Windows ɗin cike yake da bairos mai mayar da fayil gajeriyar hanya, da manhajoji masu tashi da kansu tun daga kunnawa, wani lokaci riga-kafi biyu suna faɗa da juna. In ka kwafe, ka kwashe dattin ne ka kai sabon gida. Ga kuma wahalar matse 500GB ya koma 256GB, wadda Clonezilla ba ta yi kai tsaye sai an fara rage ɓangaren Windows da hannu.

Sabo ya fi. Filash 8GB, a zuba masa Windows da manhajar Rufus ko Media Creation Tool, saukarwar za ta ci data wajen 5GB zuwa 6GB. A shiga BIOS da F10 a HP, F2 a Dell, a tabbatar SATA na kan AHCI ba IDE ba. A cire tsohon faifan lokacin ɗorawa, in ba haka ba Windows kan ajiye fayilolin tashi a kansa, ranar da aka cire shi kwamfuta ta ƙi tashi. Lasisi kuma, in Windows 10 ɗin da ke kai yanzu halastacce ne, a duba ko Home ne ko Pro, a ɗora irinsa, a tsallake wurin saka lamba, da an hau intanet zai gane na'urar ya kunna kansa. Kada a dogara da lambar Windows 7 da ke manne a jikinta, Microsoft ta rufe wannan ƙofar tun 2023. Bayan an gama kada a riƙa yi wa SSD difrag, wato sake jera fayiloli wuri ɗaya, da wata manhajar waje, Windows na kula da shi da kansa.

Ɗan Tudun Wada: Wanda ke da lasisin Office ko manhajar lissafin kuɗi da ba zai iya sake samu ba fa? Wannan kwafe ya fi masa. A fara share datti, a cire manhajojin banza, a kashe masu tashi da kansu a shafin Startup, sannan a kwafe. Kowanne da wurinsa, Injiniya.

Anti Barnawa: Ku bar wannan haka, akwai abin da ke mayar da duk kuɗin nan banza in ba a duba ba, wato zafi. Ƙurar hunturu na shiga ta fanka ta taru tsakanin fankar da siraran ƙarafan da iska ke fita ta cikinsu, ta dunƙule ta toshe hanya. Daga waje ba a gani. Sai watan Maris da Afrilu su zo da zafinsu, furosesa ta doshi digiri 100, ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Mai ita ya ce ta tsufa. A duba zafin da manhajar HWMonitor: zaune ba aiki 40 zuwa 55 daidai ne, in ana aiki ta wuce 90 akwai gyara.

A cire fankar a zare dunƙulen ƙurar da hannu ko burushi. In za a hura da bulowa a danne fankar da yatsa, barinta ta yi ta juyi da ƙarfin iska na iya kashe ta. Sannan a kwance ƙarfen jan zafin, sukurorinsa na da lamba 1 zuwa 4, a bi lambar. A goge busasshen man da ke kan furosesa da sifirit mai ƙarfi, isopropyl kashi 90 ko sama, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, a mayar a ɗaure kaɗan-kaɗan bi da bi. Ban da man goge baki, ana yi, kuma kwana kaɗan yake bushewa. In an ɗaga ƙarfen ko sau ɗaya ne dole a sake man.

Caja ma haka. Masu faɗin bakin nan na HP da Dell suna da siririyar allura a tsakiya, ta nan laftof ke gane ƙarfin cajar. In jabu ce ko allurar ta karye, Dell kan rubuta cewa ba ta gane cajar ba, ta ƙi cajin batir, ta kuma danne gudun furosesa. Gwaji mai sauƙi: a zare caja a ga ko Speed ya tashi a kan batir. In ya tashi, cajar ce. A duba rubutun jikinta, 65W ko 90W, kada a sa wadda ta gaza abin da laftof ɗin ke nema.

Baban Sadik: Na tebur fa, irin Dell OptiPlex da HP Compaq da makarantu ke saye da yawa don koyar da yara jarrabawar JAMB ta kwamfuta? Akwai mai cewa a sa musu katin hoto su yi gudu.

Malam Na Rigasa: Alhaji, katin hoto ba ya ƙara wa burauza da Word komai, ku bar kuɗinku. Sai mai wasanni ko zane, shi ma in siririn akwati ne sai kati gajere marar neman wutar daban, irin GT 1030, domin gidan wutarsu bai cika wuce 240W ba. Abin da suke so shi ne dai SSD da 8GB. A nan 128GB ma ya isa tunda ba ajiya ake yi a kansu ba. Masu rami huɗu, a sa sanda biyu a ramuka masu launi ɗaya. Ku guji dogayen sanda masu R a lambarsu ko da an karya farashi, haka waɗanda aka rubuta wa AMD only, ba sa tashi a kan Intel. Ku canza musu batirin agogo, CR2032, in yana mutuwa kwanan wata na komawa baya duk sanda aka ɗauke wuta, burauza ta ƙi buɗe shafuka tana kukan tsaro, a yi zaton intanet ne. Kuma kada kowa ya taɓa sabunta BIOS a kan wutar da ba ta da tabbas. Ta ɗauke a tsakiya, bod ya tafi.

Injiniya Kawo: Akwai kuma waɗanda ba su cancanci a kashe musu ba. Ƙananan laftof masu Celeron N3060 ko N4000 da ajiyar eMMC 32GB, da yawansu komai a like yake, babu ramin da za a ƙara wani abu. Masu Core 2 Duo da DDR2 kuma, sandar 4GB ta DDR2 wuyar samu gare ta da tsada, gara a tara kuɗin.

Ita ma 8470p a san iyakarta. Wa'adin tallafin Windows 10 na kowa da kowa ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana neman ƙwayar tsaro ta TPM 2.0 da furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama. Rufus na iya tsallake binciken ya ɗora, yana kuma tafiya a kan SSD da 8GB, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da ba irin waɗannan sabuntawa ba. Mai aikin burauza zalla Linux Mint, wato madadin Windows, zai yi masa, sai dai mai shagon buga takardu ya fara tabbatar da firintarsa da tsarin takardun Word na kwastomomi za su zauna daidai. Abin da ya sa na fi natsuwa da SSD ke nan: mai inci 2.5 ana iya cire shi a kai wata kwamfutar ko a sa shi a gida mai USB, DDR3 kuwa a nan za ta ƙare.

Ɗalibin Kadpoly: Na samo PC3L-12800S 4GB na saka a 840 G1 ɗin, ta tashi. Amma About na nuna 8.00 GB, a gefe kuma 3.9 GB usable. Windows ɗin 64-bit ne, na duba.

Anti Barnawa: Buɗe Task Manager, Memory, ka kalli Hardware reserved a ƙasa. Daidai shi ne ya zama 'yan MB kaɗan, wajen ɗari. In ka ga kusan 4GB a wurin, kwamfutar ta karanta sunan sandar amma ta kasa amfani da ita. Fara da mai sauƙi: rubuta msconfig, shiga Boot, Advanced options, in akwai alama a Maximum memory cire ta ka sake kunnawa. In bai canza ba, kashe, zare batir, ka fitar da sandunan biyu ka goge haƙoransu ka mayar da kyau. In har yanzu, gwada kowace sanda ita kaɗai a ramin farko, sannan ita kaɗai a na biyu. Sandar da ta ƙi a ramuka biyun ita ce mai matsala, ka mayar da ita. In kuwa kowace ta yi a rami ɗaya ta ƙi a ɗayan, ramin ne, ka haska shi da tocilan ka duba ƙura ko lanƙwasasshen haƙori. In ramin ya mutu kada ka biya a taɓa bod, ka ba da sandunan 4GB biyun a yi maka musaya da PC3L 8GB guda, ka sa a mai lafiyar.